Hajiya ta ce akwai iska a gidan, wai mu tashi

Tambaya

Assalamu alaikum Baba. Ni matar aure ce, yarana biyu, ga kuma ciki wata biyar. Wata bakwai ke nan da muka bar gidan surukaina a cikin birnin Kano muka tare a wani sabon gidan haya a bayan gari, ɗaki biyu da falo, kicin da banɗaki duk a ciki. Tun da muka tare ba mu ga lafiya ba. Kusan kullum da ciwon kai nake tashi, wani lokaci har da jiri da tashin zuciya. Na ɗauka laulayi ne, to amma maigidan ma haka yake fama, babban yarona kuma da kyar ake tashinsa da safe. Ƙaramar tari take yi da daddare. Mun sha maganin maleriya da na taifod, shiru. Abin mamaki, idan na je gidanmu na kwana biyu sai in ji ni garau. Surukata ta ce gidan ne yake da iska. An yi ruƙiyya, an yi hayaƙi, yanzu ta ce mu tashi, alhali kuɗin shekara biyu muka biya. Ban sani ba ko wannan yana da amfani, amma muna da ɗan janareta da maigidan yake tayarwa a rufaffen lungun da ke tsakanin kicin da ɗakin kwananmu, saboda an taɓa sace mana wani. Tagogi a rufe muke kwana don sauro da ɓarayi, muna kunna maganin sauro da turaren wuta. In gas ya ƙare da gawayi nake girki a kicin. Bangon bayan durowa kuma ya yi baƙi. Don Allah Baba yaya zan yi? Ba na son saɓa wa Hajiya, ba na kuma son mu yi asarar kuɗinmu.

Uwar biyu, daga Kano

Amsa

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya sauke ki lafiya, ya ba yaran da mahaifinsu sauƙi.

Abin da kika bari sai ƙarshen wasiƙa, har kina shakkar ko ya kai a faɗa, shi ya sa na tsallake wasiƙun da suka riga taki zuwa. Janaretan nan kada a sake tayar da shi a wannan lungu, daga daren yau, ba sai an samu kuɗin gyara ba. In babu inda za a kai shi, ku haƙura ku kwana a duhu da mafici a hannu. Zafi barci kawai zai hana ku. Hayaƙin nan kuwa barci yake sa mutum, kuma akwai gidajen da aka ɓalle ƙofa da hantsi aka tarar babu wanda ya farka.

Hajiya ta ce iska ce. Ni ma iskar nake zargi, sai dai Hausa ta haɗa abu biyu a suna ɗaya: ita tana nufin mutanen ɓoye, ni ina nufin wadda kuke shaƙa. Duk injin da ke ƙona fetur, da duk garwashin gawayi, suna fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Warin da kike ji idan janareta na aiki na wasu abubuwa ne da ke tafe tare da ita, ita kanta tana iya cika ɗaki hancinki bai gaya miki komai ba. In ta shiga huhu sai ta wuce cikin jini ta zauna a gurbin oksijin, kuma riƙon da take yi wa jini ya fi na oksijin ƙarfi sau fiye da 200. Jini yana zagayawa kamar kullum, amma abin da yake kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya ya ragu. Alamunta na farko su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da nauyin barci, wato daidai abubuwan da a wurinmu ake jin su a ce maleriya ce ko taifod. Abu biyu a labarinki suka fi tsaya mini a rai. Ciwon ya kama ku gaba ɗaya, kuma yana sakinki da zarar kin bar gidan. Zazzaɓin sauro ba ya tsayawa a bakin ƙofa ya jira ki dawo daga gidanku.

Ga kuma ciki. Jinin abin da ke cikinki ya fi naki riƙe wannan guba da ƙarfi, ya kuma fi daɗewa kafin ya rabu da ita. Saboda haka kada ki jira ranar awon da aka rubuta miki. Ki je gobe, ki tafi da yaran, ki faɗa wa likita ƙarara cewa kuna kwana kusa da janareta kuma kina girki da gawayi a rufaffen kicin. Gubar tana raguwa a jini cikin 'yan sa'o'i bayan mutum ya fito sarari, don haka gwajin da aka yi da rana zai iya fitowa lafiya lau alhali da asuba abin yana nan. 'Yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa ma ba ta bambance ta da oksijin. Bayanin da za ki yi da bakinki shi zai fi yi wa likita jagora. In kuwa wani dare aka ga ɗaya daga cikinku yana amai, ko yana sambatu, ko an kasa tashinsa, a fito da kowa waje tukuna, a nufi asibiti, addu'ar a yi ta a hanya.

Na fahimci maigidanki. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Kada ki tare shi da "za ka kashe mu", don bai sani ba ne, kuma abin da kuke shaƙa shi ma shi yake shaƙa. Ki bari ya ci abinci ya huta, ki ba shi wannan amsa ya karanta da kansa. Abin da yake tsoro yana da magani wurin mai walda: keji na ƙarfe da za a kafa da siminti a tsakar gida, da rufi a sama saboda ruwa, gefensa a buɗe, da sarƙa da kwaɗo. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka tana cewa a nisanta janareta da ƙofa da taga da ƙafa 20, wajen mita 6, bakin salansa kuma ya ba gida baya. Na san yadda ake yanka filaye yanzu, gidaje da yawa ba su da wannan sarari. To a kai shi iyakar nisan da ake da shi, a buɗaɗɗen wuri, a rufe tagar da ta fi kusa da shi muddin yana aiki, kuma a kashe shi kafin a kwanta. Ku kuma leƙa bayan katanga. Sau da yawa mutum yana kiyaye nasa, amma na maƙwabci yana gindin tagarsa. Idan hali ya yi, fanka mai caji ko ɗan ƙaramin sola zai raba ku da kwana da inji. Akwai kuma wata 'yar ƙararrawa mai batir da ke kuka idan wannan guba ta taru. A tabbata ta kabon monoksaid ce, don ta hayaƙin gobara daban take, a kuma rataye ta kusa da ɗakin kwana.

Gawayi ma hukuncinsa ɗaya: kurfoti wurinsa tsakar gida. Mata da yawa sun ɗauka idan garwashi ya yi jajur ya daina hayaƙi to ya zama lafiya, sai a shigo da shi ɗaki. Yana nan yana fitar da gubarsa, ba ya dai nunawa. Ina jaddada wannan saboda nan da wata huɗu in sha Allahu za ki zama mai jego, kuma na san al'adarmu, musamman in haihuwa ta zo da sanyi: a kawo kaskon wuta, a rufe ƙofa, a toshe taga da tsumma don kada sanyi ya kama jariri. Ki faɗa tun yanzu cewa ba kya so. A ƙara bargo, a sa wa jariri hula da safa. Gas ɗinki kuma ki riƙa duban harshen wutarsa. Shuɗi ake so. In kin ga yana rawaya, gindin tukunya yana baƙi, kan murhun ya toshe, a wanke shi ko a kira mai gyara. Kada ki ga kamar na cika tsanani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda galibinta hayaƙin girki ne, ta yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2, cikinsu har da yara 'yan ƙasa da shekara 5 sama da 237,000.

Tarin ƙaramar kuwa, na fi ɗora shi a kan abin da kuke kunnawa da hannunku a ɗakin kwana. Wani bincike da aka wallafa a 2003 ya auna hayaƙin maganin sauron nan mai naɗi, ya samu cewa ƙwaya ɗaya tana fitar da ƙananan ɓurɓushin hayaƙi daidai da na taba sigari 75 zuwa 137. Ba za ki bar baƙo ya sha kara ɗaya kusa da 'yarki ba, amma ga shi ana kunna wannan a rufe taga har asuba. Gidan sauro mai magani ya fi shi aiki, kuma ba ya hayaƙi. Fiya-fiya kada ma ta shigo ɗakin da ake kwana, maganin ƙwarin gona ne. Turaren wuta ba zan ce ki daina ba, don na san ba za ki ji ba, uwargidana ma shekara da shekaru ba ta ji ba. Ki yi shi da rana, taga a buɗe, yara suna waje, ki fitar da kaskon idan ƙamshi ya kama. Hayaƙin da aka yi muku na magani ma, in za a sake, a yi shi a tsakar gida. In tarin ya wuce mako biyu, ko kina jin ƙirjinta yana shiii idan tana numfashi, a duba ta kan asma da tarin tibi.

Yanzu mu zo kan gidan kansa. Ki tuna gidan surukanki na cikin birni. Girki a tsakar gida ake yi, hayaƙi ya tashi sama abinsa. Banɗaki yana can gefe. Ƙofar ɗaki yini take a buɗe sai labule ko asabari, in bazara ta yi zafi a fito da tabarma a kwana a waje. Ginin ƙasa mai kauri yana riƙe sanyi, shi ya sa 'yar ƙaramar taga can sama take wadatarwa. Gidajen yanzu mun kwashe kicin da banɗaki da janareta mun shigar da su ƙarƙashin rufi ɗaya, muka sa silin, muka sa tagar alminiyom da ke rufuwa ruf, muka ja katanga har ta kusa taɓa taga. A shekarun da na yi ina aikin duba-gari na shiga sababbin gidaje masu tayil da fenti mai sheƙi, waɗanda in ka buɗe ɗakin kwanansu da safe sai ka ja da baya. Na taɓa tarar da gidan da magini ya bar ramukan shan iska a saman bango, mai gidan ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya cusa buhun siminti, wai ƙadangaru suna shigowa.

Iska ba ta shiga ɗakin da ba ta da hanyar fita. Taga ɗaya a bango ɗaya kaɗan take yi. Ana son biyu a bango daban-daban, ko taga da ƙofa, ta shiga nan ta fita can. Iska mai zafi kuma sama take yi, don haka rami a saman bango yana fitar da abin da tagar ƙasa ba ta iya fitarwa. Fanka ba ta kawo sabuwar iska, wadda ke ɗakin take juyawa. Esin da ake maƙalawa a bango ma haka, sanyaya ta cikin yake yi ya dawo miki da ita. Mutum huɗu a rufaffen ɗaki numfashin juna suke shaƙa har gari ya waye. Masu awo suna duba wannan da yawan iskar kabon dayoksaid, wadda muke fitarwa in mun yi numfashi. A waje tana wajen 420 cikin miliyan, in ta haura 1,000 a ɗaki ana ɗaukar cewa iska ba ta sauyawa yadda ya kamata, ɗakin kwanan da aka rufe ruf da mutane a ciki kuwa yakan ninka haka kafin asuba. Ita ba ta kisa a wannan mataki, amma tana sa a tashi da nauyin kai, kuma ɗakin da ta taru a cikinsa shi ne ɗakin da mura da tarin tibi da sanƙarau suke samun sauƙin tsallakawa daga wannan zuwa wancan.

Ba sai kin sayi na'ura ba kafin ki gane halin gidanki. Da safe, kafin a buɗe komai, ki fita tsakar gida ki yi minti biyar ki dawo ɗakin. In kin ji wari ko nauyi ya buge ki, abin da kuka kwana kuna shaƙa ke nan. Sannan ki kunna tsinken turare ɗaya, ki kashe fanka, ki tsaya a tsakiyar ɗaki. In hayaƙin ya miƙe sama ya tsaya yana taruwa a silin, iska ba ta motsi. Ki buɗe taga ki duba, ki ƙara buɗe ƙofa ki sake dubawa, za ki ga lokacin da ya karkata ya kama hanya. Ki yi haka a kowane ɗaki, har da kicin, ki kuma kai shi ƙasan ƙofar lungun nan. In hayaƙin ya biyo ta can zuwa ɗakin kwananku, kin ga hanyar da na janareta yake bi. Wannan gwajin a gaban maigida za ki yi shi.

Ki kuma auna tagar. Dokar gini ta Ingila tana son ɓangaren taga da ke buɗuwa ya kai kashi ɗaya cikin 20 na faɗin daɓen ɗaki, kuma awo ne mai sauƙin riƙewa. Ɗakinmu na 12 da 12 murabba'in ƙafa 144 ne, ke nan ana son buɗaɗɗen wuri kamar murabba'in ƙafa 7. Tagar alminiyom ta 4 da 4 murabba'in ƙafa 16 ce, amma da yake turawa ake yi gefe ya hau kan gefe, rabi kaɗai ke buɗuwa, saura 8. Ki cire abin da raga mai ƙura ta tare, da labule mai nauyi ninki biyu, sai ki ga abin da ya rage. Tsohuwar tagar nan mai gilasai jere da ake ɗagawa da ɗan hannu, wadda yanzu ake wa kallon ta ƙauye, kusan dukkanta take buɗuwa.

Gyaran yawancinsa ba na manyan kuɗi ba ne. A sa raga mai kyau a kowace taga, a tabbatar ƙarfen tsaron tagar yana da ƙwari, sai a kwana da ita a buɗe. Sauro da ɓarawo duk an yi maganinsu ke nan. A riƙa wanke ragar, don ƙura tana toshe ta. A ɗage labule da dare, a bar ƙofar ɗaki zuwa falo a buɗe. Fankar ƙasa in aka sa ta a bakin taga tana kallon waje, tana tura tsohuwar iska ta fita, sabuwa ta shigo ta ɗaya tagar. Kicin yana son 'yar fankar zuƙe hayaƙi a bango, in babu a buɗe tagarsa a rufe ƙofar da ke haɗa shi da falo duk lokacin girki.

Za ki ce da hunturu fa? Gaskiya ne, ƙurar da ke taso mana daga arewa maso gabas, wadda da yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take, ita ma tana tayar da tari da asma. Amma ba a rufe gida wata uku saboda ita. Ki rufe tagogin da ke fuskantar inda take kaɗowa, ki buɗe na ɗaya gefen, ki riƙa goge daɓe da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya. Iyayenmu da suke yayyafa ruwa kafin shara sun san abin da suke yi.

Baƙin da ke bayan durowa fumfuna ce, danshi ya kawo ta. Ki janye durowar daga bango kamar faɗin tafin hannu, a wanke wurin da ruwa da sabulu a bar shi ya bushe, amma ba ke za ki wanke ba da wannan cikin. A duba ko bayan bangon banɗaki ne ko fanfo na yoyo, don in ba a tsayar da ruwan ba, ko fenti nawa aka shafa za ta dawo.

Fasa bango a sa bulo mai huda a sama, da gyaran yoyo, waɗannan na mai gidan haya ne. Maigidanki ya same shi da lalama, ya nuna masa cewa ginin nasa ne danshi ke ci, ya nemi ko a yi aikin a cire a kuɗin haya na gaba.

Hajiya kuwa, kada ki yi gardamar aljanu da ita. Ba za ki ci ba, kuma babu buƙata. Ta lura da abin da yake gaskiya, cewa jikokinta suna ciwo a gidan nan suna warkewa a wani wuri, ta kuma damu. A ci gaba da karatun Alƙur'ani da azkar a gida, babu abin da zai hana a haɗa addu'a da buɗe taga. Ɗanta ne zai yi mata magana, ba ke ba. Ya ce, "Hajiya, an gano hayaƙin inji yana shigo mana ɗaki, mun fitar da shi. A ba mu mako biyu mu gani, a kuma ci gaba da sa mu a addu'a." A cikin mako biyun ki samu ɗan littafi, kullum da safe ki rubuta wanda ya tashi da ciwon kai, wanda ya yi tari, da abin da aka kunna a daren. In ciwon bai ɗaga ba duk da an fitar da hayaƙi, ki koma wa likita da littafin a hannu. In kuma kun gano janaretan maƙwabci ne a gindin tagarku kuma ya ƙi matsar da shi, ko mai gidan ya ce ko ƙusa kada a buga masa, to a nan maganar Hajiya za a bi: ku nemi wanda zai karɓi ragowar hayar, ku gaya masa abin da ya tashe ku, ku tashi. Ranar da za a je duba wani gidan ki bi maigida, da tsinken turarenki da ashana a jaka.